Daga Littafi Zuwa Silima: Nazari A Kan «La Guerre des boutons»

1. Gabatarwa

A wannan maƙala muna son mu duba abin da ke samun ƙagaggen labari na ƙuruciya idan aka mayar da shi fim wanda iyaye da ƴaƴansu za su zauna su kalla tare. Tambayar ta shafe mu, mu masu koyar da adabi, domin sau da yawa ɗalibi yakan kalli fim ya ɗauka ya karanta littafin ke nan, sai ya zo jarrabawa yana jingina wa marubuci abin da mai fim ya ƙago. Misalin da muka zaɓa shi ne La Guerre des boutons, wato «Yaƙin Maɓallai», na Louis Pergaud. Dalilin zaɓen shi ne an yi fim biyar daga wannan littafi guda tsakanin 1936 da 2011, don haka akwai abin kwatantawa. Za mu fi mai da hankali ga fim ɗin Yves Robert na 1962.

2. Marubucin da littafinsa

An haifi Louis Pergaud a 1882 a Belmont, cikin yankin Doubs, a gabashin Faransa. Malamin makarantar firamare ne kamar mahaifinsa, ya kuma koyar a ƙauyen Landresse. Ya sami kyautar Goncourt a 1910 da littafinsa na labarun dabbobi, De Goupil à Margot. La Guerre des boutons ya fito a 1912. A watan Afrilu na 1915 Pergaud ya ɓace a fagen daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 33, ba a kuma ga gawarsa ba.

Labarin na yaran ƙauyuka biyu ne, Longeverne da Velrans, waɗanda suka gaji gaba daga kakanninsu. Bayan an tashi makaranta sukan haɗu a bakin daji su gwabza da sanduna da duwatsu, Lebrac na jagorantar ƴan Longeverne, l'Aztec des Gués na jagorantar ƴan Velrans. Wanda aka kama, sai a yanke masa maɓallan riga da na wando da igiyar takalmi, a sallame shi yana riƙe da wando. Hikimar wannan horo ita ce ba abokan gaba ne ke ƙarasa shi ba, uban yaron ne zai ƙarasa shi da duka idan ya ga tufafin. Don su tsira, ƴan Longeverne suka kafa asusu, kowa na zuba «sou» ɗaya a wata, wato santim 5, ana sayen maɓallai da zare da allura, wata yarinya mai suna Marie na yi musu ɗinki. Suka gina bukka a daji suka ɓoye dukiyar. Daga baya ɗaya daga cikinsu, Bacaillé, ya tona asirin wurin ga abokan gaba.

Abin lura a nan shi ne Pergaud ya faɗa a gabatarwarsa cewa bai rubuta littafin don ƙananan yara ba, ya kuma ambaci Rabelais a matsayin malaminsa. Ke nan littafi ne a kan yara, wanda aka rubuta wa manya. Silima tana da hannu babba wajen mayar da shi abin da ake miƙa wa yara a yau.

3. Abin da fim ɗin 1962 ya sauya

Yves Robert ya rubuta tsarin fim ɗin tare da François Boyer, aka ɗauke shi cikin hoto baƙi da fari. Ya sami kyautar Jean Vigo a 1962, kuma kusan mutum miliyan 10 suka kalle shi a gidajen silima na Faransa. Mun gano sauyi iri huɗu.

Na farko, zamani. Littafin yana ba da labarin ƙarshen ƙarni na 19, lokacin ƙuruciyar marubucin. Fim ɗin ya jawo labarin zuwa zamanin masu kallonsa. Shi ya sa muke ganin tarakta, wadda l'Aztec ya ɗauko ta mahaifinsa ya rusa bukkar da ita.

Na biyu, siyasa da addini. A littafin, mutanen Longeverne masu ra'ayin jamhuriya ne, na Velrans kuwa masu biyayya ga coci. Wannan rabuwa ita ce ta raba ƙauyukan Faransa tun daga dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882, waɗanda suka sa makarantar firamare ta zama kyauta, tilas, kuma ba ruwanta da addini, har zuwa dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati. Mai karatu na 1912 ya san wannan rigima a gidansu. Fim ɗin ya rage ta ƙwarai, gabar ta koma ta maƙwabtaka kurum, wadda kowa zai yi wa dariya ba tare da ya ji an taɓa ɓangarensa ba.

Na uku, harshe. Pergaud ya cika littafin da ashar da karin maganar ƙauyukan Franche-Comté da kurakuran nahawu na yara. Fim ɗin ya bar kaɗan daga ciki, ya ɗora nauyin ban dariyar a kan ƙaramin yaron nan Petit Gibus, wanda Martin Lartigue ya fito a matsayinsa. Jimlar da yaron ke maimaitawa, wadda ta zama kamar karin magana a bakin Faransawa, babu ita a littafin. Wannan shi ne kuskuren da ɗalibai suka fi faɗawa ciki.

Na huɗu, manya da ƙarshen labari. Malamin littafin, père Simon, dattijo ne mai horo wanda yara ke tsoro. Malamin fim ɗin matashi ne mai tausayi, wanda ya fahimci Lebrac. Littafin ya ƙare da azabar da yaran suka yi wa Bacaillé, da dukan da iyaye suka yi musu, sannan ɗaya daga cikinsu ya hango cewa su ma za su girma su yi wautar iyayensu. Fim ɗin ya riƙe wannan tunani, amma ya sauya masa wuri: an kai Lebrac makarantar kwana don horo, ya tarar da l'Aztec an kawo shi, suka sasanta.

4. Me ya kawo waɗannan sauye-sauye?

Dalili na farko lokaci ne. Fim na awa ɗaya da rabi ba ya ɗaukar duk abin da ke cikin littafi, dole a zaɓa. Dalili na biyu ya fi muhimmanci. Marubuci na iya bayyana duka ko zagi cikin raha, mai karatu ya ji muryarsa tana yi masa jagora. A silima kuwa yaro ne na gaske ake gani yana kuka, babu muryar da za ta sassauta abin. Abin da ya ba da dariya a takarda sai ya zama abin ƙyama a allo. Dalili na uku masu kallo ne: uba da ɗansa suna zaune kujera kusa da kujera, fim ɗin na son kowannensu ya fita bai ji kunyar ɗan'uwansa ba. Bisa ga haka ake samun babba guda mai kirki, da sulhu a ƙarshe.

Sai dai wannan sulhu yana da tsada. Girman da Pergaud ya nuna shi ne yaro ya gane cewa yaƙinsa kwaikwayon na manya ne, kuma babu mai fitar da shi daga ciki. A fim ɗin, girma ya zama rabuwa da ƙauye da gane cewa abokin gaba ɗan'uwa ne. Duka biyun ma'anoni ne masu ƙarfi, amma ba ɗaya suke ba.

5. Sauran finafinan

Jacques Daroy ne ya fara, da La Guerre des gosses a 1936. A 1994 John Roberts ya kai labarin ƙasar Ailan cikin Ingilishi. A 2010 haƙƙin mallakar littafin ya ƙare, bayan ƙarin shekarun da dokar Faransa ke ba marubutan da suka mutu a yaƙi don ƙasar. Nan da nan, a watan Satumba na 2011, fim biyu suka fito mako guda tsakaninsu. Yann Samuell ya sa labarin a 1960, lokacin yaƙin Aljeriya. Christophe Barratier ya sa shi a 1944, lokacin mamayar Jamus, ya ƙara wata yarinya Bayahudiya da ake ɓoyewa a ƙauyen. Dukansu sun jingina yaƙin yara ga yaƙin manya na gaske, abin da Pergaud bai yi ba, tun da ya rubuta littafin shekara 2 kafin 1914.

6. Kammalawa

Mun ga cewa kowane fim karatu ne da wani mutum ya yi wa littafin a wani zamani, don wasu masu kallo. Saboda haka muna ba da shawarar a fara karanta littafin a aji kafin a nuna fim, sannan a sa ɗalibai su jera abin da aka cire, da abin da aka ƙara, da abin da aka sauya wa wuri, su nemi dalilin kowanne. Ana iya gwada wannan hanya a kan L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, wanda Laurent Chevallier ya mayar fim a 1995 ya kuma jawo shi zuwa Gini ta zamaninsa, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya yi wa fim a 1976. Muna fatan wasu daga cikin ɗalibanmu za su ɗauki ɗaya daga cikinsu su yi bincike a kai.