Saƙonnin Talla Sun Cika Waya: Abin Da 2442 Ke Iya Tsayarwa Da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

A rumfar mai POS a Rafin Guza, babu lokacin da ya fi ɗaga hankali kamar daƙiƙun da ake jiran alat. Kwastoma ya ce ya tura kuɗi, ga mutum uku a bayansa, ɗan sahu yana ta danna hon a bakin titi. Waya ta yi ƙara, mai rumfa ya duba da sauri, sai ya tarar tallan cacar ƙwallo ne. Ta sake ƙara: wani kamfani ne da bai taɓa jin sunansa ba yake taya shi murnar cancantar bashi. Kafin alat na gaskiya ya shigo, ya riga ya nutse a ƙarƙashin tarkace.

A Amurka irin wannan damuwa ta fi zuwa ta gidan waya. Shaguna kan aiko da littattafan tallan kaya gida-gida ba tare da an nema ba, har ta kai masu harkar talla suka buɗe wata rajista mai suna DMAchoice inda mutum zai cire sunansa, gwamnati kuma ta buɗe rajistar hana kiran talla a 2003. A Kaduna babu mai aiko wa mutum littafin talla ƙofar gida. Lambar waya ita ce adireshi, kuma ta nan komai ke shigowa: tes, kira, WhatsApp, sai imel a gefe.

Kuskuren da yawancin masu waya ke yi shi ne ɗaukar duk waɗannan saƙonni a matsayin abu guda, su nemi magani guda. Alhali masu aikowa iri-iri ne. Akwai mai lasisi da ke bi ta hanyar kamfanin sadarwa, akwai wanda mai wayar ne da kansa ya miƙa masa lamba, akwai kuma wanda ya tsince ta ko ya saya a bayan fage. Abin da ke korar na farko yana iya zama gayyata ga na ƙarshe.

Ƙofar da hukuma ta tanada

A tsakiyar 2016, lokacin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta yana shugabantar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, aka tilasta wa kamfanonin waya buɗe lamba 2442 domin tsarin da ake kira DND, wato kada a dame ni. Lamba ɗaya ce a kowane layi, MTN ne ko Airtel, Glo ko 9mobile da ya koma T2, kuma ba a cire ko sisi don aika mata saƙo.

Ana rubuta STOP a tura zuwa 2442, sai a rufe dukkan tallace-tallacen da ke bi ta kamfanin. Yawanci cikin awa 24 tsarin ke fara aiki. Wanda yake shakkar ko ya shiga sai ya tura STATUS, wanda ya canza ra'ayi daga baya ya tura ALLOW idan layinsa MTN ne ko Airtel.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba dole ba ne a rufe komai. Idan aka tura HELP, za a aiko da jerin rukunoni, kowane da lambarsa: 1 na harkar banki da inshora, 3 na ilimi, 4 na lafiya, 8 na wasanni, 9 na addini, da sauransu. Tura lambar rukuni na nufin a bar wannan ya riƙa shigowa, a tare saura. A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin wani kan tura 8 da nufin korar tallan ƙwallo, ashe ƙofa ya buɗe masa.

Akwai wani cikas da ya kamata mai POS da duk mai yawan hulɗa da banki ya sani tun kafin ya tura STOP. Kamfanonin da ke aika tes da yawa a lokaci guda suna da hanyoyi biyu: ta talla, wadda DND ke tarewa, da ta saƙon aiki, wadda ke wucewa. Manyan bankuna suna bin ta biyun, don haka alat ba ya tsayawa. Amma ƙaramar manhaja, ko makaranta, ko wata ƙungiya da ta sayi hanya mai araha, tana iya tura lambar shiga ta OTP ko sanarwar jarrabawa ta hanyar talla, saƙon ya maƙale a hanya. Idan bayan kunna DND wata manhaja ta daina aiko lambar shiga, ba lallai ne sabis ne ya lalace ba. Mafita ita ce a nemi lambar ta kira ko ta imel idan manhajar ta ba da zaɓi, ko a cire DND na ɗan lokaci, a gama abin da ake yi, a sake rufewa.

Haka kuma DND ba ya hana kamfanin layin kansa aiko sanarwar aiki, kamar ƙarewar data ko batun haɗa NIN. Wannan ma daidai ne. Unguwa irin Rafin Guza da ke bakin Kogin Kaduna, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce da damina, ba ta buƙatar wayar da ta yi shiru gaba ɗaya. Ana son wayar da idan ta yi ƙara mai ita zai duba, ba wadda ya gaji da ita har ya daina buɗe akwatin saƙo ba.

Kuɗin da ke zirarewa ba a sani ba

Tallan da ke ɓata rai daban, wanda ke cin kati daban, kuma na biyun ya fi ciwo. Mutum ya sa katin naira 200 da dare, gari ya waye saura 150, bai kira kowa ba. Galibi wani sabis ne da aka maƙala wa layin: waƙar da mai kira ke ji, hasashen wasa, gasar tambayoyi, wasan waya, ko saƙon nasiha na kullum. Naira 50 a rana ba ta kama da kuɗi sai an ninka ta sau 30, a ga 1,500 a wata. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, wannan ba asarar da za a kau da kai ba ce.

Ta yaya ake shiga? Wani lokaci akwatin saƙo ne ke faɗowa a fuskar waya yayin da ake tsakiyar rubutu, yatsa ya danna OK bisa kuskure. Wani lokaci hoton talla ne a shafin sauke fim ko waƙa, wanda idan ana lilo da datar layin, shafin kan iya gane lambar ba tare da an rubuta ta ba. Ga kuma ƙannen da ake ba waya su yi wasa. Ƙa'idar hukuma ita ce kada a saka kowa ba da yardarsa ba, sai dai dannawa ɗaya cikin kuskure ma a wajen na'ura yarda ce.

Tura STOP zuwa 2442 ba ya soke irin wannan, domin a rubuce mai layin ne ya nema. Lambar da ke wannan aiki ita ce *305#. Tana cikin lambobin bai-ɗaya da NCC ta daidaita wa dukkan layuka a 2023, tare da 300 na kiran masu kula da kwastoma da *310# na duba kati. Idan aka danna ta, za a ga sabis ɗin da ke kan layin, a soke su ɗaya bayan ɗaya. Duba ta sau ɗaya a wata ya fi zargin almajirin da ya kai wayar caji.

Idan an soke kuma cirewar ba ta tsaya ba, sai a kira 300 a shigar da koke, a karɓi lambar koken a ajiye. Ita ce za a nema idan aka kira 622, layin koke na NCC wanda kyauta ne. Hukumar mataki na biyu ce, tana so ta ga an fara zuwa wajen kamfani bai magance ba.

Inda lambar ta fita

Da wuya a samu wanda zai iya lissafa wuraren da ya rubuta lambarsa cikin shekara guda. Littafin baƙi a ƙofar ofis, takardar halartar taron bita, fom ɗin tallafi da aka yi ta yaɗawa a WhatsApp, rajistar magoya baya lokacin zaɓe, takardar fasinjoji a tashar Kawo, tambayar mai shago cewa a bar lamba don a sanar idan sabon kaya ya zo. Ba duka ne ke sayar da ita ba, amma takarda ɗaya da aka ɗauka a hoto ta isa. Zauren WhatsApp ya fi duka sauƙi: duk wanda ke ciki yana iya ganin lambobin sauran, kuma a zauren da ke da ɗaruruwan mutane babu wanda ya san kowa.

Akwai kuma gadon layi. Kamfanoni kan karɓe lambar da ta daɗe ba a amfani da ita su sake sayarwa, sabon mai ita ya gaji tallace-tallace da masu bin bashin tsohon mai ita. Wanda ya sayi sabon sim ya ga ana kiransa da sunan wani, abin da ya faru ke nan.

Manhajojin bashi kuwa sun yi ɓarnar da har yanzu ake girbarta. Shekaru suna neman izinin shiga jerin lambobin wayar mai karɓar bashi, su kwashe duka, su riƙa aika wa 'yan uwa da abokai talla ko saƙon tozarci. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta fara dirar musu a 2022 tare da tilasta musu rajista, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Sai dai wadda aka sauke ta wani shafi ko aka tura ta Xender ba ta bin wannan doka. Ma'ana, lambar mutum na iya fita ta wayar abokinsa ko da shi bai taɓa cin bashi ba.

Ga kamfani na gaske, mai ofis da suna, doka tana bayan mai lamba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba kowa damar janye yardar da ya bayar a kowane lokaci, da damar neman a goge bayanansa. Game da talla kai tsaye maganar a fili take: idan mutum ya ce ba ya so, dole a daina. Babban kamfanin da ya karya dokar yana iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. A aikace, gajeren imel ya isa: suna, lambar da ake magana a kai, buƙatar a cire ta daga jerin talla, da ambaton dokar. A ajiye hoton saƙon da ranar da aka tura, don shi ne hujja idan za a kai ƙara gaban NDPC. Yawancin kamfanoni ba sa son rigima kan lamba ɗaya.

Imel ya fi sauƙi yanzu. Daga 2024 Gmail da Yahoo sun wajabta wa masu aika wasiƙu da yawa, waɗanda a Gmail ke nufin masu wuce 5,000 a rana, su saka hanyar fita da dannawa ɗaya, su kuma cika buƙatar cikin kwana 2. Maɓallin Unsubscribe da ke sama kusa da sunan mai aikowa ya fi aminci a kan wanda aka ɓoye can ƙasan wasiƙa.

A WhatsApp, saiti biyu ne ke rage mafi yawan damuwa, duka a ƙarƙashin Privacy. A Groups a zaɓi My contacts, don kada baƙo ya jefa mutum cikin zauren sayar da atamfa ko na zuba jarin bogi. A Calls kuma a kunna Silence unknown callers. Mai shagon da ke turo hotunan kaya kullum, idan sananne ne, magana mai daɗi ta fi toshewa, tunda gobe za a haɗu a masallaci ko a kasuwar Kawo.

Wanda ba a ba shi amsa

Saura rukuni na ƙarshe, wanda ba 2442 ba, ba doka ba, babu abin da ya dame shi. Saƙonsa kan zo daga lambar waya irin ta kowa mai lambobi 11, ba da sunan kamfani ba. Ya ce an rufe asusun banki sai an sabunta BVN, ko an zaɓi mutum a tallafin gwamnati, ko an turo masa kuɗi bisa kuskure. Shi da sim yake aiki kamar kowa, don haka a wajen kamfanin sadarwa saƙonsa kamar na aboki ne zuwa aboki.

Wasu daga cikinsu har sun koyi rubuta cewa a tura STOP ko a danna wani mahaɗin shafi don daina karɓar saƙo. Amsa kowace iri, har da zagi, tana tabbatar masa abu ɗaya: layin yana aiki kuma mai shi yana karantawa. Lambar da aka tabbatar ta fi daraja a wajen masu sayar da jerin lambobi. Abin yi shi ne a toshe lambar, a danna Report spam idan wayar na da shi, a goge. Manhajar Google Messages da ke kan yawancin wayoyin Android tana da kariyar da ke tace irin waɗannan zuwa wani akwati daban, sai dai a tabbata an kunna ta a saiti.

Da yawa kan ruga zuwa Truecaller, kuma tana taimakawa wajen gane mai kira. Sai dai sunayen da take nunawa daga wajen masu amfani da ita suke fitowa, shi ya sa mutum kan ga lambarsa a ciki da laƙabin da abokansa kaɗai suka sani. Kamfanin yana da shafin cire lamba daga rumbunsa, kuma wanda ke da asusu sai ya fara rufe asusun kafin buƙatar ta shiga.

Ga mai sana'a, dabarar da ta fi dorewa ita ce raba layi. Tunda kusan kowace Tecno, Infinix ko itel sim biyu take ɗauka, ɗaya ya zama na banki da NIN da iyali, ba a rubuta shi a kowace takarda. Ɗayan shi ne na allon shago, na fom, na zauruka, kuma shi ake miƙa wa duk wanda ya ce a bar lamba.