Takubban Nara da Hatimin Sarki

A birnin Nara na ƙasar Japan akwai tsohuwar taskar katako mai suna Shosoin, wadda aka ɗora bisa ginshiƙai don kada laimar ƙasa ta kai gare ta. A shekarar 756 Sarauniya Komyo ta sadaukar wa haikalin Todaiji kayan mijinta, Sarki Shomu, bayan rasuwarsa, har da takubba ɗari da bakuna da sulke, aka ajiye su a wannan taska. Yau shekara sama da 1,200, amma cikin kayan taskar har yanzu akwai takubba fiye da hamsin na wancan zamani. Mutane kan jingina wannan ga gini, ni kuwa ina ganin al'ada ce ta yi aikin.

Ƙa'idar taskar ita ce a ɗaure makullin ƙofa da igiya, a liƙa takarda mai sa hannun sarki, ba mai kwancewa sai manzon sarki ya halarta. Hatimin nan hannun mutum yake tsarewa, kuma tarihi ya nuna dalili: a 764, da tawayen Fujiwara no Nakamaro ya tashi, an kwashe makaman don yaƙi, yawancinsu ba su dawo ba. Abin da tsatsa ba ta ci ba, buƙatar rana ɗaya ta tafi da shi. Rufewar ma ba ta har abada ba ce. Tun da can akan buɗe don kaya su sha iska a kuma ƙidaya su, yanzu kuma kowane Oktoba masana na duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a sake ɗaurewa. Haka mai takobi yake yi a gida: ya ajiye shi cikin kuben farin itace, lokaci-lokaci ya zare, ya goge tsohon mai, ya shafa sabo mai ƙamshin kanumfari.

Wani zai kawo misalin takobin Sarki Goujian, wanda aka tono a kabari a lardin Hubei na Sin a 1965, da kaifinsa bayan shekara fiye da 2,000 ba mai kula da shi. Gaskiya ne, sai dai na tagulla ne, ya kuma dace da kabarin da iska ba ta shiga. Baƙin ƙarfe ba ya haƙurin nan. Takubban da aka tono ƙarƙashin babban mutum-mutumin Buddha na Todaiji, kusa da taskar, tsatsa ta lulluɓe su.

Tun 1946 ake fito da wasu kayan Shosoin kusan kowace shekara a gidan tarihi na Nara, jama'a su gani, sannan a mayar a ɗaure.