ME YA SA TURMI YA ƘI BARIN GIDAJENMU?

 Kwanan baya na halarci jeren wata amarya a unguwarmu. An cika ɗaki da kayan zamani: ga firji, ga tukunyar gas, ga bilenda, ga dutsen guga na lantarki. Ana cikin jere sai ga yara biyu sun shigo suna mirgino turmi, kakar amarya na biye da su riƙe da taɓarya. Ƙawayen amarya suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Haba Iya, wa ke daka a wannan zamani?" Tsohuwa ba ta tanka ba, ta dai sa aka aje shi a bakin madafa.

Bayan mako biyu na koma ganin ɗaki. Tun daga ƙofar gida na jiyo ƙarar taɓarya. Ashe amarya ce ke jajjagen kayan miya, domin kwana biyu ke nan ba a kawo wuta ba, bilenda kuwa tana can cikin kwalinta. Wannan shi ya sa na yi ta tunani: me ya sa waɗansu kayan kakanninmu suka ɓace, waɗansu kuwa suka ƙi tafiya?

DUTSEN NIƘA YA TAFI

Mu fara da dutsen niƙa. Masu binciken tarihi da suka yi haƙa a ƙasar Nok, kudancin Jihar Kaduna, sun tono duwatsun niƙa masu yawa na mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, waɗanda su ma gero suke nomawa. Watau tun wancan zamani mace ke durƙusawa gaban dutse, ta yi ta turawa da jawowa har gwiwa ta yi kanta, baya ya ƙage. Kakanninmu kan tashi da asuba su yi niƙa, suna waƙa don rage gajiya. Amma da injin niƙa ya bazu daga birane zuwa ƙauyuka, cikin shekaru kaɗan dutsen da ya yi dubban shekaru yana aiki ya koma wurin zama a gindin bango. Yau 'yan makaranta da yawa a birni ba su taɓa ganinsa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Aikin dutse guda ɗaya ne, watau mai da tsaba gari, injin kuma ya karɓe wannan aiki gaba ɗayansa, ya yi shi cikin 'yan mintoci a kan kuɗi kaɗan. Kada wata ta yi kewarsa. Lokacin da ya tafi da shi na mata ne da 'ya'yansu mata. Sa'ad da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, cikin abubuwan da suka hana iyaye mata sakin 'ya'yansu, ban da talla, akwai aikin gida: ɗebo ruwa, da surfe, da niƙa. Duk aikin da inji ko famfo ya ɗauke, ya buɗe wa yarinya hanyar aji.

TURMI YA ZAUNA

Turmi fa? Shi aikinsa ba ɗaya ba ne. Da shi ake sussuka, da shi ake surfe, da shi ake ribɗi. A ciki ake kirɓa fura da sakwara, a daka yaji da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Inji ya karɓi wani sashe na aikin, amma wace ce za ta aiki yaro wurin inji da barkono cikin tafin hannu? Ban da haka, turmi ba ya shan mai, ba ya jiran wuta. Wanda aka sassaƙa da itacen ƙirya, saboda taurinsa, uwa kan yi aiki da shi har ta bar wa 'yarta. In ya tsage, maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe, ya ci gaba da aiki.

To, a nan darasin yake. Sabon abu ba ya korar tsoho sai ya iya dukan aikin da tsohon ke yi, sai kuɗinsa ya zo daidai aljihun talaka, sai kuma ya zama ana iya gyara shi a kusa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, tsoho yana nan daram. Mun ga haka a 2023, da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu. Kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin markaɗe ya bi shi, matan da suka san daka suka jawo turmi daga lungu.

Haka labarin keken ɗinki yake. Wani Ba'amurke, Isaac Singer, ya fito da nasa keken a 1851, ga shi har yau irin keken nan na ƙafa ne ke ɗinka kayan salla a gidajenmu, ko Singer ko Butterfly na ƙasar Sin. Ƙarfe ne zalla. In an ba shi mai, an sake masa allura da bel, sai ya yi shekaru masu yawa. Mata nawa ne suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta da keken da aka kawo su da shi ɗakin miji?

RANDA DA FIRJI

Wani lokaci ma tsohon abu shi ke haifar sabo. Kowace mace ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, amma ba kowa ta san dalili ba. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kan tsattsafo ta nan, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jiki.

Wani malami a Jihar Jigawa, Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya ɗauki wannan sani ya gina a kansa cikin shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Bisa ga bayanin da aka bayar sa'ad da ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon da kan yanƙwane cikin yini guda ya kai kwana 12, tumatir da barkono kuwa suka yi mako uku. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne 'yan mata, domin in kayan lambu ba sa ruɓewa da wuri, ba dole ne yarinya ta fita talla kullum ba, sai ta sami zuwa makaranta. Mai son gwadawa ta aje tukwanen a inuwa inda iska ke kaɗawa, ta jiƙa yashin safe da yamma. Ya fi aiki da rani, da damina kuwa sanyinsa kan ragu, saboda iska ta riga ta ƙoshi da danshi. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

WANDA YA KAMATA YA TAFI

Amma fa ba duk abin da ya daɗe ne abin riƙewa ba. Murhun duwatsu uku yana nan tare da mu, ba don ya fi kyau ba, sai don gas da kananzir sun yi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Wadda ba ta da halin gas, to ta yi girki a fili ko a madafa mai taga, ta nemi busasshen itace, kada kuma ta goya jariri tana hura wuta. Murhun laka ko na ƙarfe mai rage cin itace ya fi duwatsu uku. Randa ma, in ba a wanke ta a kai a kai, ko kowa na tsoma moɗa da hannu mai dauɗa, sai ta zama gidan cuta. A rufe ta da faifai mai tsabta, a ware mata moɗa guda.

Saboda haka, uwargida, kafin ki matsa wa maigida ya sayo wani sabon abu, ko ki kyautar da na da, tambayi kanki: in wuta ta ɗauke zai yi aiki? In ya lalace akwai mai gyara a garinmu? Zai rage mini aiki ne, ko dai don a gani a ɗaki ne? Zamani riga ne, gaskiya, amma mai hankali takan duba ko rigar ta yi mata daidai.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe karatu hannu biyu, domin lokacin da kuke zaune a aji kakanninku a gaban dutsen niƙa suka ƙarar da shi. Amma ran Asabar, in Inna ta ce a zo a yi surfe, kada a tura baki. Ku koyi riƙon taɓarya, da bakace, da tankaɗe, tun kuna gaban iyayenku, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Amaryar nan da na ba ku labari kuwa, na ji ta aika wa kakarta da turmin atamfa, tukwicin turmin daka. Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.