Injin Sayar da Alewa da Darajar Sulalla

Injin sayar da alewa, wanda Thomas Adams ya kafa irinsa a tashoshin jirgin ƙasa na New York a 1888 domin sayar da cingam, akwati ne mai ciniki ba tare da mai tsaro ba. Idan aka jefa sulalla ta kafar da aka yanka daidai faɗinta, sai ta ɗage ƙarfen da ya kulle mariƙi, mariƙin kuma ya juya faifai mai ramuka, wanda kowane raminsa ke sakin alewa ɗaya tak. Amma a garin Baure, inda sulallan naira na 2007 suka daina yawo a kasuwa, masu tebur ne ke riƙe da wannan ciniki, domin injin ba ya amfani sai inda sulalla take da daraja.