Kafin a Kashe Tsohuwar Manhaja, a Ƙirga Kaya

Duk kamfanin da ya daɗe yana aiki da kwamfuta, wata rana sai ya sauya manhajar da ke riƙe masa bayanai: sunayen abokan ciniki, basussuka, albashin ma'aikata da kayan da ke sito. Ranar kwashe su daga tsohon rumbun bayanai zuwa sabo ita ce ranar da suka fi shiga haɗari. Shugabanni da yawa suna ɗauka an gama da zarar sabuwar manhaja ta buɗe ba gardama. A ganina, aiki bai ƙare ba sai an kawo shaida a rubuce cewa abin da ya fito daga tsohon rumbu shi ne ya shiga sabo, ba ragi ba ƙari.

Dalili kuwa, ɓarnar bayanai ba ta cika yin ƙara ba. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga lissafi ba, domin an zuba shi cikin tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, sauran kuma suka zube shiru. A Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure. Da aka koma kan kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki, saboda manhajar yin kwafin ta tsufa, ba ta dace da rumbun PostgreSQL da ake amfani da shi ba. Bayanan kusan awa 6 suka salwanta. Irin wannan na iya faruwa a kowane ofis namu: sifilin farkon lambar waya ko ta asusun banki ya ɓace, rana da wata su yi musaya saboda tsarin rubuta kwanan wata na Amurka, ko harufan ɓ, ɗ da ƙ su koma alamar tambaya a sunayen mutane.

Binciken da ake buƙata ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Mai kwashe hatsi daga wannan sito zuwa wancan yakan ƙirga buhuna, ya auna nauyi, ya kuma kwance wasu ya duba. Haka ake ƙirga layukan kowane teburin bayanai kafin ƙaura da bayanta, a haɗa jimillar kuɗi a ga ta zo daidai har kwabo. Akwai lissafin da ke fitar wa kowane tarin bayanai lambar shaida, wadda ke sauyawa ko harafi ɗaya aka taɓa. Sannan a duba alaƙa, kada a sami rasit marar mai shi. Akanta da mai kula da sito su zaɓi wasu asusu su kwatanta da idonsu, kuma a gwada dawo da kwafin ajiya tun kafin a taɓa komai.

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne da kuɗi, tunda manhajojin zamani suna ba da rahoton nasara da kansu. Amma manhaja tana tabbatar da abin da aka umarce ta ne kawai. Idan umarnin ya karkace, za ta aiwatar da kuskuren ta kuma ce komai lafiya. Batun tsada kuwa, a dubi bankin TSB na Birtaniya. Ƙaurar bayanansa ta Afrilun 2018 ta hana kusan mutum miliyan 1.9 shiga asusunsu ta intanet, ta ci wa bankin kimanin fam miliyan 330, sannan a 2022 aka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Hukumomin sa ido sun ce bayanan sun isa lafiya, sabon tsarin ne ya gaza. Wannan ya nuna ƙirga kaɗai ma ba ta wadatar ba, sai an gwada tsarin da nauyin aiki irin na gaske.

Don haka, mai kamfani, komai ƙanƙantar harkarka, kada ka sa hannu a takardar kammala aiki sai ka ga alƙaluman tsohon rumbu da na sabo gefe da gefe. Ka bar tsohuwar manhaja a ajiye har a rufe lissafin wata guda lafiya, domin amanar mutane ce a hannunka.