Oliver Woodward: Injiniyan Da Ya Yi Yaƙi A Ƙarƙashin Ƙasa

A Yaƙin Duniya na Farko, sojojin Jamus da na Ingila sun shafe shekaru suna fuskantar juna a cikin ramuka a ƙasar Beljiyam, babu mai iya ture wani. Da abin ya gagara a sarari, sai aka koma ƙarƙashin ƙasa, aka ɗebo masu haƙar ma'adinai aka sa musu kaki. Ɗaya daga cikinsu shi ne Oliver Woodward, injiniyan ma'adinai ɗan ƙasar Ostareliya, wanda aka haifa a shekarar 1885.

A watan Nuwamba na 1916 ne rundunarsa ta mahaƙa ta karɓi aiki a wani tudu da ake kira Hill 60, kusa da garin Ypres. Jamusawa ke riƙe da tudun tun 1915, daga kansa kuwa suna hangen duk motsin abokan gābarsu. Mahaƙan Ingila da na Kanada sun riga sun haƙa hanya har ƙarƙashinsu, sun jibge nakiya wuri biyu: laba 53,500 a ƙarƙashin tudun, da laba 70,000 a ƙarƙashin wani tudu na kusa mai suna Caterpillar.

Aikin Woodward da mutanensa shi ne tsaron wannan ajiya har ranar da za a buƙace ta. Wata bakwai suka yi suna kwashe ruwa don kada nakiyar ta jiƙe, suna duba wayoyinta, suna kasa kunne da na'urar sauraro saboda Jamusawa ma haƙa suke yi suna neman ta. Magana sai da raɗa, domin ƙarar shebur ɗaya na iya tona asiri, abokan gāba su rushe ramin da mutanen da ke ciki.

Ranar 7 ga Yuni, 1917, da ƙarfe 3 da minti 10 na dare, Woodward ya tayar da nakiyoyin nan biyu. Suna cikin guda 19 da suka tashi a daren a yankin Messines. Kafin rana ta faɗi, sojojin ƙawance sun kame tuddan da suka gagare su fiye da shekara biyu.

Bai tsaya nan ba. A ranar 4 ga Nuwamba, 1918, mako guda kafin a tsagaita wuta, ya jagoranci kafa gada a kan mashigin ruwa na Sambre-Oise a Faransa ana ruwan harsashi. Sau uku ana ba shi lambar jaruntaka ta Military Cross.

Da yaƙi ya ƙare sai ya tuɓe kaki ya koma sana'arsa, har ya zama babban manajan wani kamfanin ma'adinai a Broken Hill. Ya rasu a 1966. Ramin da nakiyar Caterpillar ta bari yana nan har yau, masu ziyara na zuwa ganinsa.