Hiroshima: Inda ake adana sunayen waɗanda bam ya hallaka

Abin da ke fara tarbar mai ziyara a Dandalin Zaman Lafiya na Hiroshima shi ne kangon wani gini mai ƙubba a bakin kogin Motoyasu. A da zauren baje kolin kayan masana'antu ne. Da ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta 1945, bam ɗin nukiliya da jirgin Amurka ya jefa ya tarwatse kimanin mita 600 a sama, kusan a kan ginin. Duk wanda ke ciki ya mutu, amma bangayen suka tsaya. An bar shi a haka, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1996.

Kafin ƙarshen 1945, mutum kimanin 140,000 sun rasu. Adadi irin wannan ya fi ƙarfin tunanin ɗan Adam, shi ya sa gidan tarihin da aka buɗe a 1955 ya fi dogara da ƙananan abubuwa. Akwai ƙonannen keken wani yaro ɗan shekara uku, wanda mahaifinsa ya binne su tare, sai bayan shekara 40 ya tono keken ya miƙa shi. Akwai matakalar dutse ta wani banki, inda zafin bam ɗin ya bar inuwar mutumin da ke zaune a kai. Akwai yagaggun kayan makarantar ɗaliban da aka tura aikin rushe gidaje a safiyar.

A tsakiyar dandalin akwai akwatin dutse da ke ɗauke da rajistar mamatan. Sunayen sun haura 300,000, kuma kowace ranar 6 ga Agusta ake ƙara na waɗanda suka tsira a lokacin suka rasu daga baya. Kusa da shi, wutar da aka kunna a 1964 tana ci, da alkawarin ba za a kashe ta ba sai an kawar da makaman nukiliya daga doron ƙasa.

Ga ma'aikacin gwamnati, akwai abin lura a nan. Kwamiti ne ya zauna a watan Mayun 1945 ya zaɓi biranen da za a kai wa hari, kuma takardar umarni ta 25 ga Yuli ce ta ba da izini. A kan teburin ofis aka fara yanke wa Hiroshima hukunci.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan batu. A 1961 ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin nukiliya a Sahara, sannan ta amince da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya a ranar 6 ga Agusta 2020, daidai cikar harin shekara 75. Japan kuwa, wadda ke ƙarƙashin kariyar nukiliyar Amurka, ba ta sa hannu ba.

Waɗanda suka tsira, da ake kira hibakusha, sun ragu zuwa ƙasa da 100,000 a 2025, kuma matsakaicin shekarunsu ya wuce 85. Ƙungiyarsu, Nihon Hidankyo, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024. Birnin yana horar da masu gadon labarinsu tun 2012, domin ranar da babu sauran ganau, a samu jiyau da zai faɗa daidai.